Ranar da Aka Ɗauke Kaskon Inna

Magama, Jibiya
19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ɗiyata Mu'minat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da karatu, da zaman baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gero ya yi kyau bana, sai dai gonakin da ke nesa da gari babu mai ƙarfin halin zuwa yanka.

Za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna. Yau kwana goma ke nan da aka yanke mana layin waya, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Saboda haka zan riƙa ba Nagoggo direba takarda, ya kai wa 'yata Salmatu a Katsina, ta ɗauki hotonta ta aiko miki. Amsarki kuma ta buga a takarda ta ba shi ya kawo.

Maganar mahaifiyarki ce ta sa na ɗauki biro. Fatimatu ta fita takaba makon jiya. Mun ɗauka in ta fita za ta saki jiki, sai ga shi ba haka ba. Tana sallah, ta koma tabarma ta juya wa ƙofa baya. Tuwo loma biyu ne ta ture. An yi suna a gidan da ke jikin katangarku, ko leƙawa ba ta yi ba. In ka gaishe ta ta ce lafiya, daga nan sai ka gaji da zama ka tashi. Abu ɗaya ne ke tayar da ita. Litinin da Alhamis takan fito tsakar gida ta yi alkakin da Hajiya Ummusalma ta Maraɗi ke saye don gidajen biki. Tun safe har azahar tana gaban kasko, ba ta ce wa kowa uffan, in ta gama ta koma ta kwanta.

An yi addu'a, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ina kallo tana narkewa kamar gishiri a ruwa.

To ke fa? Shekara huɗu kina ƙasar Sin, an ce ƙwaƙwalwa kike karanta. Da 'yan bindiga suka kashe mahaifinki a hanyar Farfaru ba ki zo ba, aka ce annoba ta rufe hanyar jiragen sama, na karɓi wannan uzuri. Amma wane amfani ne da karatun ƙwaƙwalwa in uwar mai karatun na kwance haka? A bakin iyaka ana tambayata me ɗiyarmu ta gano, ni kuwa sai in hau gyaran hula. Ki rubuto mini dalilin wannan ciwo da maganinsa, da Hausar da zan gane. Kada ki cika mini takarda da Turanci.

Ni ne kawunki,
Badaruddeen


Ƙasar Sin
24 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na gode da ɗawainiyar da kake yi. Ina lafiya. A gaishe mini da mutanen gida da Nagoggo, Allah ya tsare shi a hanya.

Kawu, ni ba likita mai duba marasa lafiya ba ce, mai bincike ce. Amma abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, ba aljanu ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba. Don Allah ka kai Inna Katsina ta ga likitan da ke duba irin wannan. Ana samun sauƙi.

Tunda ka tambayi aikina, bari in yi maka bayani, don na daɗe ina son wani na gida ya tambaye ni. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya masu aika wa juna saƙo, su ne kowa ya sani. Amma akwai wasu ƙwayoyin a kewaye da su, masu siffar tauraro, waɗanda ba sa ɗaukar saƙo da kansu. Aikinsu hidima ne. Suna ciyar da jijiyoyi, suna kwashe ragowar sinadarin saƙo idan an gama aikawa, don hanya ta buɗe wa na gaba. Kamar aikinka ne a bakin iyaka, Kawu. Ba kai ke tuƙa motar ba, amma in ba ka cika takarda ba, mota ba ta tsallakawa. Shekaru da yawa masana sun raina waɗannan ƙwayoyin, yanzu ne aka fara gane darajarsu.

A cikinsu akwai furotin iri-iri, wato ƙananan ma'aikatan da ke yin aikin. Jiki yana da wani ɗan guntun sukari da yake haɗawa da kansa, yana manna shi a jikin furotin kamar yadda ake buga hatimi a takarda. Idan an manna, aikin furotin ɗin yakan canza. Mu abin da muke yi shi ne, mu sa ƙaramin ɓera a gidan wani ƙaton ɓera mai cin zali, kullum na ɗan lokaci, har kwana goma. Bayan haka wasu ɓerayen sukan ware su ci gaba da harkarsu. Wasu kuwa sai su laɓe a lungu, su daina kusantar 'yan'uwansu. Da muka duba ƙwayoyin tauraron da ke gaban ƙwaƙwalwarsu, sai muka ga waɗanda damuwa ta kayar, sukarin da ke manne a furotin ɗinsu ya fi na sauran yawa. Da muka hana mannewar sukarin, sai suka fi jure wahala, suka koma shiga cikin 'yan'uwansu. Ranar da na ga wannan sakamakon, Kawu, har sujada na yi.

Wannan fa a ɓeraye ne, kuma aikin bai ƙare ba. Amma ina ji a raina wata rana zai amfani mutane irin Inna.

Ka gaishe ta, ka ce ina mata addu'a.

'Yarka,
Mu'minat


Magama, Jibiya
10 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga ɗiyata Mu'minat,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ke ma haka. Ruwa ya ɗauke, an shiga yankan wake.

Allah ya yi miki albarka. Yanzu na san ba yawo kika tafi ba. Sau uku na karanta wasiƙarki, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin inda maganar take: sukari ya yi yawa a ƙwaƙwalwa, da aka hana sukari aka warware. Sai na tuna mace ce da ta shekara talatin tana tsaye a kan tukunyar sukari, tana shaƙar tururinsa, tana ɗanɗanawa da yatsa. Ashe ciwon yana gabanmu muna nemansa a daji.

Ban ɓata lokaci ba. Ranar Alhamis ta makon jiya na je tun da safe, na tarar ta jiƙa alkama. Na ce mata ɗiyarta ta aiko da magani, kuma maganin shi ne a rabu da sukari. Na sa aka ɗauke buhun da ya rage, na haɗa da kaskon da babbar tukunyar, aka kai gidana na kulle a ɗaki. Ba ta yi musu ba. Ta ɗan riƙe kunnen kaskon, sannan ta saki. Kin san shirun Fatimatu, in ba ta yarda ba da na ji a jikina.

Da direban Hajiya Ummusalma ya tsallako karɓar kaya, na fahimtar da shi cewa babu sauran alkaki, sukari ne ya taɓa wa mai yi ƙwaƙwalwa, ya je ya ba Hajiya haƙuri.

Ilimi kuma ba a ɓoye shi. Na karanta wasiƙarki a majalisarmu ta gaban teburin Manu mai shayi, ga direbobi, ga 'yan duwan biyu, wato ma'aikatan kwastan, da suka tsallako daga wancan ɓangaren. Kowa ya saurara har ƙarshe. Yanzu rabin masu zama nan shayi ba sukari suke sha, Manu kuwa ya daina amsa gaisuwata. Ya je ya ji da shi.

Maganar likita na ajiye ta tukuna. Na tambaya, an ce inda ake duba irin wannan can ne ake kai masu taɓin hankali. Ƙanwata ba mahaukaciya ba ce, ba zan kai ta a gan ta a layinsu ba. Tunda mun san tushen ciwon, mu ba shi wata ɗaya mu gani. Ki rubuto ko zuma ma tana cikin abin da za a hana.

Ni ne kawunki,
Badaruddeen


Ƙasar Sin
13 ga Oktoba, 2021

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi mini afuwa, yau zan yi maka maganar da ban taɓa yi ba.

Me ka aikata haka? A ina na ce a hana Inna sukari? Ka koma ka duba takardar da ka ja wa layi. Na ce ɗan guntun sukari ne da jiki ke haɗawa da kansa. Ba na buhu ba ne. Ko mutum bai taɓa lasar alkaki ba a rayuwarsa, jikinsa zai haɗa shi daga tuwon da ya ci, kuma ba zai rayu ba in babu shi. Mu ma ba abinci muka hana ɓerayen ba, wani sinadari muka kashe a cikin wasu ƙwayoyi kaɗan, ta hanyar da babu wanda ya isa ya gwada a kan mutum. Na rubuta maka cewa a ɓeraye ne, aikin bai ƙare ba. Ka tsallake. Na rubuta a kai ta wurin likita, shi ne abu na farko da na roƙa. Ka ajiye. Layi biyu ka zaɓa a cikin wasiƙa guda, ka ɗauke su kamar sanda ka shiga gidan uwata.

Bari in gaya maka abin da ban faɗa ba a waccan. Ka san yadda muke gane ɓeran da damuwa ta ci ƙarfinsa? Kwalba biyu muke ajiye masa, ɗaya ruwa, ɗaya ruwan sukari. Mai lafiya na zaƙin yake bi. Ranar da ya daina damuwa da wanne ya sha, ranar muke rubuta cewa ya faɗi. Kai da kanka ka ce duk duniya abu ɗaya ya rage da ke tayar da Inna daga tabarma. Wannan abin shi ne igiyar da take riƙe da ita, kai kuma ka zo da wuƙa, ka ce ni na aiko ka.

Sannan ka ce ba za ka kai ta asibiti ba don kada a ce mahaukaciya ce, alhali da bakinka ka gaya wa direban Maraɗi an taɓa mata ƙwaƙwalwa, ka kuma karanta sirrinta a teburin mai shayi. Wane layin asibiti ne zai tona ta kamar yadda ka tona ta? Kawu, gyaran gangar Auzinawa ka yi.

Kuma shirun Inna ba yarda ba ne. Macen da na sani, da lafiyarta, da ba ka isa ka fita da ko ludayinta ba.

Ranar da wannan takarda ta same ka, ka mayar mata da kaskonta da tukunyarta da buhunta. Ka kai ta Katsina. Ka daina karanta wasiƙuna a bainar jama'a. Zuma kuma babu ruwanta, a bar ta.

Mu'minat


Magama, Jibiya
7 ga Nuwamba, 2021

Mu'minat,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Sai shekaranjiya wasiƙarki ta iso, domin an tare hanyar Katsina har sau biyu, Nagoggo ya jingine motarsa mako uku. Duk tsawon kwanakin nan takardarki na cikin jakar Salmatu, kasko na kulle a ɗakina.

Na karanta. Ban taɓa zaton akwai ranar da yarinyar da na riƙa ɗauka a keke ina kai ta firamare za ta ce mini na zo da wuƙa ba. Shekara talatin da biyu ina cika wa mutane takardu a bakin iyakar nan, da Turanci da Faransanci, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya don na karanta a karkace ba. In na karkace a taki, ki tambayi kanki yadda kika rubuta ta. Na ƙirga layukan wasiƙarki ta farko. Na uwarki shida ne. Na ɓeraye ya haura talatin. Na ce miki ƙanwata na narkewa, kika amsa mini da labarin sujadarki. Na tambayi dalilin ciwo, kika ambaci sukari sau uku, ba ki ce mini ko sau ɗaya ba na buhu ba ne. Mutumin da ke nutsewa in ka miƙa masa kara kamawa zai yi, ba zai tsaya tambayar ko na ado ne ba.

Ke kin yi daidai daga nesa. Ni na yi kuskure ina tsaye a kanta. Wa ke kai mata koko da safe? Wa ya wanke gawar ubanki?

Yanzu ga abin da ya fi wannan, ba zan ɓoye miki ba ko da zai zama hujjarki a kaina. Tun da aka ɗauke kaskon ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba sai don alwala. Na ɗauka ciwon ne ke fita, na ce a ƙara haƙuri. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Matan unguwa sun rage shiga, waɗanda ke shiga kuma a bakin ƙofa suke tsayawa. Ashe maganar ta zaga gari ta koma wata iri. Har Maraɗi ana cewa mai alkakin Jibiya ta zare.

Jiya da kaina na ɗauki kaskon a ka, ban aiki kowa ba, na ratsa unguwa ana kallona. Na ajiye a gabanta na ce ga kayanta, kuskure aka yi. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗago ta dube ni, karo na farko cikin watanni, ta ce:

"Yaya Badaru, wa zai ci alkakin mahaukaciya?"

Na fito na zauna a zaure har aka kira la'asar.

Na yi mata maganar Katsina, ta juya baya. Tunda ke ce mai ilimi, ki gaya mini yadda ake ɗaukar mace mai shekara hamsin da biyar a sa a mota ba da sonta ba.

Badaruddeen


Ƙasar Sin
9 ga Nuwamba, 2021

Kawu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsare ku da hanya.

Ban janye maganar kasko ba, kuma ban janye ta teburin mai shayi ba. Amma ƙirgen da ka yi daidai ne. Na koma na ƙirga da kaina. Ka kawo mini kukan uwata, na mayar maka da lacca. Gaskiyar ita ce tun ranar da aka gaya mini rasuwar Baba na shige ɗakin bincike ban fito ba, domin ɓeraye na san yadda zan yi da su. Maganar wuƙa kuma ta yi tsauri, ka yafe mini.

Ba a ɗaukar ta a sa a mota. Wata biyu ke nan ni da kai muna jefa wa juna takardu a kanta, babu wanda ya tambaye ta. Ina roƙon Salmatu ta biyo Nagoggo ta zo Jibiya, ta karanta mata abin da ke ƙasa, su biyu kawai. Kai ma ka jira a waje.

Inna, ni ce. Ban aiko a ɗauke miki kasko ba, amma maganata ce ta jawo, ki yafe mini. Ba ki zare ba. Abin da ke damunki yana da suna, yana kama mutane masu cikakken hankali, kuma akwai masu taimakawa a kai. Ban zo jana'izar Baba ba, ban zo fitar takabarki ba, sau uku aka kai miki waya kafin a yanke layi kika ce kin gaji, ni kuma na ji daɗin da ba sai na yi magana ba. Wannan ma ki yafe. Ba zan ƙara cewa a yi miki kaza ba. Ki gaya mini da bakinki abin da ke ranki da abin da kike so, ko zagi ne, Salmatu ta rubuta yadda kika faɗa.

'Yarki,
Mu'minat


Jibiya
21 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga Mu'minat. Ni Salmatu na sa sunan da kaina, domin Gwaggo ta ce ɗiyar fari ce, ba ta fara kiran sunanta yau ba. Kwana biyu na yi a nan kafin ta ce in ɗauko biro. Daga nan maganarta ce, ban gyara komai ba.

Ke, ina gaishe ki. Lafiya ba zan ce ina da ita ba, tunda kin ce a faɗi gaskiya.

An karanta mini takardarki, na sa an karanto mini sauran duka, da naki da na Yaya Badaru. Na ji yadda kunka raba ni kamar naman layya. Shi ya ce gishiri ce ni, ke kin ce igiya nake riƙe da ita. Ɗaya ta auna ni da ɓera, ɗaya ya kai ni teburin shayi. Ina kwance kuna ta maganata a bayan katanga, ku masu ilimi. Da a ce ina da ƙarfi ranar da anka zo ɗaukar kaskon nan, da Magama duk ta ji muryata. Kaskon uwata ne. Ba ni da ƙarfin ne, shi kuma ya ce na yarda.

Kuna ta neman abin da ya shiga mini kai. Babu wanda ya ce Fatimatu, me ya faru ranar. To ga shi, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ana saura kwana biyar Sallah, Hajiya Ummusalma ta aiko tana son alkaki na zuma. Zumar kirki a Farfaru take, wurin wani abokin babanki. Babanki ya ce hanya ba kyau, in yi da sukari, Hajiya ba za ta gane ba. Na ce ni ba na ha'inci. Ya ce to a bari bayan Sallah. Na yi ta mita tun safe, har na ce masa in tsoro yake ji ya ba ni makullin babur in tafi da kaina. Ya yi dariya. Ya ɗauki galan ya fita da azumi a bakinsa. Da sunka kawo shi, wani ya biyo baya da galan ɗin, an tsince shi a gefen hanya cike da zuma, ko murfin bai buɗe ba. Yana nan ƙarƙashin gadona. Ni na aike shi. Kowa na cewa kwana ne ya ƙare, na sani, na yi imani. Amma bakina ne ya tura shi, kuma kullum in na buɗe ido abin da nake fara ji ke nan.

In ina gaban kasko dole in kula da wuta, in kula da mai, in na yi sakaci ya ƙone. Awa biyar ɗin nan kaɗai ne muryata ta ranar ke yin shiru. Shi ne abin da anka kulle mini a ɗaki wata guda.

Yanzu ga abin da nake so, tunda an tambaya.

Yaya Badaru ya koma teburin Manu, a ranar da direbobi sunka fi cika, ya tsaya inda ya tsaya wancan karon ya ce shi ne bai gane karatu ba. Sannan ya tsallaka Maraɗi da ƙafarsa ya gaya wa Hajiya haka, ba aike ba. Na faɗa masa ɗazu. Ya fara cewa ai shi da niyyar alheri, na ce ban tambaye shi niyya ba. Ya ɗauki hularsa ya ce gobe Litinin zai je. Yayana ne, ya wanke mini miji, ban manta ba. Amma sai ya je.

Likita kuma zan gani. Ba don ke kin ce ba. Salmatu ta ce wata maƙwabciyarta ta je bayan ta rasa ɗa, an zauna an saurare ta, an ba ta magani, yanzu tana cin abinci. Ina son in ci abinci in ji ɗanɗanonsa. Da Salmatu zan tafi ranar Talata, Yaya ya zauna gida. Kasko ban taɓa shi ba tukuna, kada wanda ya ƙara tambayata yaushe.

Ke kuma, karatunki ki ƙarasa shi, babanki ya fi kowa son ya ga ƙarshensa. Kada ki ce za ki baro shi saboda ni, ba zan ɗauki wannan a kan wancan ba.

An ce a Katsina waya na aiki. Ranar Laraba da hantsi ki kira ta Salmatu, zan karɓa. Amma ki ji sharaɗina. In na fara maganar ranar nan, kada ki yi mini bayani, kada ki ce ba laifina ba ne, kada ki ce in yi haƙuri. Wata bakwai kowa haƙuri yake kawo mini, ya cika ɗakin nan har ba wurin zama. Ke ki zo da kunne kawai. In na yi kuka ki bar ni, in ke ma naki ya zo, kada ki kashe wayar.

Uwarki